Yadda Tudun Siminti Ya Ƙwace Min Lasifika

Ina so a rubuta a ajiye saboda jikoki: tun da aka kafa Birnin Gwari ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce ni ba. An yi fari a ƙasar nan, an yi fara, an yi shekarar da tsutsa ta cinye masara tun daga nan har Kutemeshi. Amma waɗannan kan kowa suka faɗa, aka raba wahalar, kowa ya ɗauki ɗan kasonsa. Tawa ni kaɗai ta zaɓa, ranar Asabar bayan La'asar, ina cikin shaddar da ta sha bugu, a gaban mutanen unguwa biyu da wayoyinsu.

Kuma da mutum ne ya tare ni ya yi min, da na san inda zan kai ƙara. Tudu ne. Tudun siminti, irin wanda ake gicciyawa a hanya don masu abin hawa su rage gudu, yana kwance a bakin layinmu kamar kada ya ƙoshi ya fito shan rana. Wanda ya gina shi kuwa, a bar maganarsa tukuna. Raina bai gama hucewa ba.

Sunana Abarshi, amma in ka shigo gari kana cigiyar Abarshi za a yi ta yawo da kai. Ka ce Injiniya kawai. Injin niƙa, injin ban-ruwa, janareto, da wuya ka sami wanda bai taɓa kwana a shagona ba. Wasu har yau suna can, sun ji daɗin wurin. Sai dai ba wannan ne abin taƙamata ba. A danginmu ni ke riƙe lasifika. Ɗaurin aure, suna, walimar sauka, dawowar alhazai, in dai an kafa rumfa an jera kujeru, ni ake miƙa wa abin magana. Ni ke cewa wane ya iso, ni ke cewa a matsa wa manya, ni ke gode wa jama'a har sai sun fara sulalewa. Wani gonarsa ce darajarsa, wani shanunsa. Ni lasifika.

Abin ya faro ne daga gidan Baba Noah, wani dattijo mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe da zama namu, can ƙarshen gari ta hanyar dajin Kamuku. Na je duba masa injin ban-ruwa, sai na hangi wani abu a ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe shi da zana da tsofaffin buhuna. Faɗinsa ya fi na mota, tsayinsa bai kai ƙuguna ba.

Na ce, "Baba, kwale-kwale ka ajiye a tudu?"

Ya ce, "Mota ce, ɗana. Ta Italiya. Ta maigidana ce, Baturen da na yi wa kuku lokacin aikin hanya. A bayan babbar mota ya kawo ta, kuma ba ya hawanta sai a kan sabuwar kwaltar da ya shimfiɗa, kafin a buɗe wa jama'a. Da zai tafi ya ce in riƙe masa, yana dawowa. Ga ni ina riƙe. Lokacin ko furfura ɗaya ba ni da ita."

Ni kuwa kallo ɗaya na yi mata na gane ko mece ce, bayan ya gaya min.

Muka yaye zanar. Jama'a, ko a cikin ƙura da kashin kaji, wannan aba ta san ita wace ce. Hancinta a ƙasa kamar tana sansanar hanya, ƙofofinta ba gefe suke buɗewa ba, sama suke tashi kamar shaho zai tashi. Na ɗaga murfin gaba don in gaisa da injin, sai na tarar da zabuwa a kwance kan ƙwai.

Na dafe ƙirji. "Baba, an cuce ka! An sace injin!"

"Yana baya, Injiniya."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Na zaga baya na kama murfi. Na ji yana cewa, "Kada ka buɗe da rana, akwai..." Ban tsaya jin akwai me ba, don ba a koya wa Injiniya buɗe murfi. Ashe ƙudan zuman dajin Kamuku sun daɗe da kafa gari a ciki, har da unguwanni. Ba zan ce na gudu ba. Na dai isa gida kafin takalmana.

Matata Karima ta leƙo daga tsakar gida, ta dubi fuskata, ta gyara mayafi ta ce, "Malam, maigidan ba ya nan."

Da kumburin ya saɓe na koma. Baba Noah ya riga ya yi wa zumar hayaƙi ya mayar da su amya a kan bishiya. Ya ce, "Ba sayarwa zan yi ba, amana ce. In ka iya tashe ta, ka tashe ta, ka yi sha'aninka, ka dawo min da ita yadda ka ɗauka ko fiye." Muka tafa a kan haka.

Sha'anin kuwa yana tafe. Babbar yayarmu, Yaya Saude, wadda tun rasuwar iyayenmu ta zama gwamnatin gidan, za ta aurar da ɗanta Abdulfattah. Amaryar Adawiyya ce, ma'aikaciyar jinya, 'yar wata unguwa can hayin kasuwa. Aka taru a ɗakin Yaya ana shawarar motocin ɗauko amarya. Ƙanenmu Bakoji, mai sayar da hatsi, wanda in ya yi maka sallama da safe ya gama maganar yini, ya ɗaga yatsa ya ce, "Bas ɗina."

Na yi dariya har da riƙe ciki. "Bas? Wadda kake ɗauko dawa da ita? Yaya, amaryar ɗanki a motar Italiya za ta shigo layin nan. Motar da ko gwamna bai taɓa shaƙar hayaƙinta ba. Za a yi shekara ana zancen."

Yaya Saude ta ajiye carbi. In ta ajiye carbi, kowa yakan gyara zama.

"Abarshi, ka tuna sunan gidan surukaina?"

"Yaya, wannan ai wutar ce ta..."

"Janareton da ka gyara ya ƙone musu fanka da talabijin, kana tsaye da lasifika kana cewa a kwantar da hankali. Na haƙura. To ka saurare ni. Na yarda ka ɗauko ta. Amma in yarinyar mutane ta taka ƙasa kafin ƙofar gidan mijinta, ko aka yi mana dariya a gaban danginta, wallahi ka gama riƙe lasifika a gidan nan. Bakoji zan ba."

Bakoji ya zaro ido kamar an ce za a ba shi maciji ya riƙe. Ni kuwa na ce, "Yaya, ki fara ɗinka sabon mayafi, don har ke za a nuna a waya."

Shanun huɗa biyu na samo suka jawo ta zuwa shagona a bakin titi. Rashin sa'a ranar kasuwa ce. Kafin mu kai tasha an yi mana rakiya kamar masu dawowa daga Makka. Ina gefe ina yi wa jama'a bayani cewa ƙarfin injinta ya kai na dawaki ɗari huɗu, sai ga Mainasara, shugaban 'yan acaɓan unguwarmu. Ni da shi ba ma jituwa tun wata Juma'a da ya sheƙo da gudu ya watsa min taɓo a farar shadda.

Ya rage gudu ya ce, "Ranka ya daɗe, dawakan hutu suka tafi, shanu suka karɓi aikin?"

"Ka wuce, wannan ba sa'ar babur ɗinka ba ce."

"Gaskiya ne. Nawa yana tafiya."

Aka fara aiki. Wanda bai taɓa buɗe injin Italiya ba bai san abin da ake kira fitina ba. Fulogi goma sha biyu. Kafireto shida, a jere kamar 'yan kwamiti: ka lallashi ɗaya, biyar su yi fushi. Ko'ina kakin zuma ya daskare, tururuwa kuma suka ji labari suka yi ƙaura zuwa shagona. Na kwance komai na jiƙa a kananzir. Robobin shago ba su isa ba, sai na riƙa arowa daga madafar Karima ba tare da na dame ta da tambaya ba, ina mayarwa in na gama.

Wata rana ta ajiye min tuwo ta tsaya a kaina. "Ci."

Na kai loma. Na haɗiye da ƙyar.

"Yaya ka ji?"

"Akwai ɗan ƙamshi na zamani."

"Kananzir ne, Injiniya. Kwana biyun nan duk gidan in muka yi gyatsa sai mu nisanci murhu."

Na yi tattaki har kasuwar Panteka a Kaduna neman kayan gyara. Duk wanda na nuna wa tsohon fulogin sai ya juya shi, ya kira maƙwabcinsa, shi ma ya kira nasa. Na dawo da goma sha biyu, babu biyun da suka haɗa uwa. Kujerun kuwa, ɓeraye sun cinye fatarsu, na kai wa baduku ya rufe su da jar fata da kore, suka fito kamar tum-tum ɗin falon attajiri. Mai fentin ƙofofin gidaje ya feshe ta da ja, ja irin na cikakken tattasai. Da aka zo kan tayoyi, Bakoji ya zo wucewa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya daɗe a can.

Ya miƙe ya ce, "Yaya, ta yi ƙasa. A sa mata manyan tayoyi."

"Manyan tayoyi? Ka taɓa ganin an sa wa barewa takalmin ruwa? Kyawunta ke nan, ta riƙa shafar ƙasa."

"Amma tudun..."

"Bakoji, ka ƙarar da maganar gobe ma. Je ka auna dawa."

Ranar da na fara tayar da ita kuwa, sai da na sa aka share gaban shago. Na haɗa batirin babbar mota, na ɗura mata mai, na yi bisimilla na murɗa makulli. Ta yi tari. Ta sake tari. Sannan ta saki wata ƙara ta salansa, tau! tau-tau! tau!

To, ku da kanku kun san garin da muke. Nan ko taya ce ta fashe sai an rufe shago tukuna a tambaya. Kafin in cire ƙafa daga totur titi ya zama fili. Mai shayi ya shige ƙarƙashin teburinsa da butarsa. Mai tsire ya gudu ya bar wuta, karnuka suka yi walima. Wata mai awara ta tsallake kwatar da ko saurayi ba ya tsallakewa. Can sai ga 'yan sa-kai sun zagaye shagon, suka tarar da ni ni kaɗai cikin baƙin hayaƙi ina murmushi.

Babbansu ya ce, "Su nawa ne? Ta ina suka bi?"

Na ce, "Goma sha biyu ne, amma bakwai kawai suka kama. Gobe sauran za su shigo layi."

Liman ya sa in ba jama'a haƙuri bayan sallar Azahar. Aka miƙo min lasifikar masallaci, na fara da haƙurin, na ga ya kamata su san dalili, na shiga bayanin kafireto. Ina kan na huɗu ladan ya zare waya.

Amma ta tashi! Wannan ko maƙiyina ya shaida. Kullum da yamma nakan ɗan zaga da ita a shimfiɗaɗɗiyar kwaltar gaban shago, daga gidan mai zuwa kwana, in juyo. Matsala ɗaya na samu, ita ma ta sirri ce. Rufin motar bai san darajar hula ba. In ka zauna kusan kwanciya kake yi, amma duk da haka hular sai ta tokare. Ni kuma akwai wani al'amari tsakanina da tsakiyar kaina wanda daga ni sai wanzamina, shi ma sai ya sakaya ƙofa. Rabon da rana ta ga wurin tun ina saurayi. Sai na yi dabara: in shiga da hula a karkace, in ja ƙofa ta rufe, sannan in cire in ɗora a cinya. Gilashin mai duhu ne, wanda ke sauka a cikinsa kuma ɗan tsagi ne da bai wuce a miƙo ƙosai ba.

Ana jibi biki Karima ta ce, "Wai ka taɓa shigowa da ita layinmu kuwa?"

"Sai ranar. Abin mamaki ba a nuna shi kafin lokaci."

"Ba wannan nake nufi ba. Tudun nan na bakin..."

"Karima, na taɓa shiga madafa na koya miki tuƙa tuwo?"

"Ka shiga ka kwashe robobi dai."

Ranar Asabar ta zo. Yanzu ba a kai amarya da dare a garinmu, kowa ya san dalili, don haka ana idar da La'asar muka ɗunguma hayin kasuwa. Ni a gaba cikin ja, Bakoji a baya da bas cike da mata, an ɗaura lasifika a rufinta. Na ba shi abin maganar na ce ya riƙe min kawai, kada ya hura, kada ya taɓa komai. 'Yan acaɓa kuma suka sa mu tsakiya, ba don an gayyace su ba.

A ƙofar gidan amarya na danna ƙofa ta tashi sama. Mata suka saki guɗa. Na ji a raina cewa ko yau na mutu na bar tarihi. Sai aka fito da Adawiyya a lulluɓe, a gabanta kuma gwaggonta, Gwaggo Muslimat, mace mai jiki, wadda in ta tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu.

Ta sunkuya ta leƙa ciki, ta ɗago. "Bawan Allah, ina bayan?"

"Wane baya, Gwaggo?"

"Inda za mu zauna. Ni a dama, ƙanwata a hagu, amarya a tsakiya. Haka aka kai uwarta, haka aka kai ni."

"Ai kujera biyu ce. Haka Italiya suke yi."

"Su Italiyan ba su da gwaggo ne? To kai fita."

"In na fita wa zai tuƙa?"

"To ka ji, 'yata ba za ta shiga akwati ita da ƙato ba tare da ni ba. Ko in shiga ko a fasa."

Aka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe aka sasanta: ƙanwar ta bi bas, Gwaggo ta zauna a kujera, amarya ta zauna a cinyarta a karkace. Shigar Gwaggo ta ɗauki mata uku, biyu na turawa, ɗaya na addu'a. Da ta sauka a kujerar sai motar ta yi wani nishi, na ji ta ƙara kusantar ƙasa. Bai ishe su ba, sai da suka cika gidan zabuwar nan na gaba da kwallar alkaki da ta nakiya.

Na ja ƙofa, na cire hula na ɗora a cinya. Gwaggo ta kalli kaina, ta kau da kai, ta ce, "Allah mai iko."

Muka kama hanya a hankali don kowa ya ƙoshi da kallo. Injin na ruri a bayan kunnuwanmu, zafinsa na shigowa kamar mun jingina da tanderun burodi. Mutane a gefen titi suna ɗaga waya. Na hango Baba Noah a gaban wani shago ya cire hularsa yana kaɗa mana. Muka sha kwanar gidan mai. Ga rumfar biki can tsakiyar layinmu, ga Yaya Saude a tsaye cikin sabon mayafi.

Ga kuma tudun.

Wallahi sai a lokacin na gan shi da idon mota. Kullum da ƙafa nake taka shi, har nakan ɗan tsaya a kansa in gaisa da mutane. Yau ya zama dutse. Na taka birki. In na ce a sauka, amarya ta taka ƙasa, lasifika ta tafi. Baya kuma bas ta toshe. Sai na yi abin da kowane gwani zai yi: na karkata sitiyari don in hau shi a gicciye, na ce, "Gwaggo, ki ɗauke numfashi," na ba ta wuta.

Tayoyin gaba suka haye lafiya. Sannan aka ji ƙiiiir, gau!

Motar ta zauna a kan cikinta. Tayoyin baya suna ta juyawa a iska, na gaba suna lilo. Gwaggo ta sunkuyo gaba don ta ga abin da ya faru, hancin motar ya sauka ya sumbaci ƙasa. Ta koma baya da salati, gindin ya sauka, hancin ya tashi. Ta sake sunkuyowa. Jama'a suka fara amsawa, in mun yi gaba su ce "Eee!", in mun yi baya su ce "Ooo!"

"Gwaggo, don Allah ki tsaya wuri ɗaya!"

"Buɗe min in fita!"

Na ja mariƙin ƙofa. Shiru. Na ja na wajenta. Shiru. Jikin motar ya lanƙwashe a kan tudun, ƙofofin sun cije. Na ƙara totur ko za ta zabura, ta saki tau-tau ɗinta, amma yanzu garin ya gane muryarta, ko kaza ba ta motsa ba.

Kun san amarya ba ta magana sai an sayi bakinta. To Adawiyya ta yaye lulluɓi, kwalliyarta na gangarowa har haɓa, ta ce, "Kawu, ka kashe injin nan kafin in fara aikin asibiti a kan Gwaggo." Kyauta ta yi maganar, ko sisi ba a biya ba. Na kashe.

Da ƙarar ta ɗauke sai muryar Gwaggo ta samu fili. Ta kai bakinta tsagin gilashi.

"Wane marar tausayi ne ya gina katanga a tsakiyar hanya? Wanda ya yi wannan aiki, Allah ya sa tuwonsa ya riƙa warin kananzir!"

Na sake jan mariƙin ƙofa.

"Allah ya haɗa shi da zuma masu fushi! Kai bawan Allah, ba ka cewa amin ne? Ba motarka ya kashe ba?"

Na ce, "Amin," a hankali.

"Allah ya tone masa abin da yake ɓoyewa a gaban jama'a! Ɗaga murya!"

"Amin!"

Sai ga fuskar Mainasara a tsagin gilashi, haƙoransa duka a waje.

"Gwaggo, a yi a hankali, mai ginin yana jin ki."

"Yana ina? Nuna min shi!"

"Gwiwarki na taɓa tasa."

Layin ya fashe. Na ga wani tsoho ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Gwaggo ta juyo gaba ɗayanta, motar ta juyo tare da ita, ta fizge hular daga cinyata ta shiga yi min fifita da ita a ka, ba irin fifitar da ake so ba. Adawiyya kuwa, maimakon kukan da aka san amare da shi, dariya take yi har tana shaƙewa.

Can na ji lasifika ta yi ƙara. Wata murya mai kauri, mai daɗi, wadda ban taɓa ji ba, ta cika layin.

"Jama'a, salamu alaikum. Amarya ba za ta taka ƙasa ba. Matasa, a ajiye babura. Masu ƙarfi su kama gaba, masu tsawo su kama baya. Kada a taɓa gilashi. Mainasara, kai ne a hanci."

Bakoji ne. Bakojin da ba ya iya kiran kaza.

"Bisimilla. A ɗaga!"

Muka tashi sama. Majiya ƙarfin unguwa biyu suka ɗauke mu, mota da amarya da Gwaggo da alkaki da Injiniya, suka nufi rumfa suna tafiya a hankali, Bakoji na ba su kiɗa da baki. Mata suka biyo baya da guɗa. Gwaggo na dukan rufi tana ihu, "Ku sauke ni, ba makara ba ce! Ban mutu ba!" Bakoji ya amsa ta lasifika, "Gwaggo ta ce a ƙara sauri." Har barkwanci ya iya, munafukin.

A daidai bakin ƙofar ango suka dire mu. Jikin motar ya miƙe, ƙofofin biyu suka tashi sama da kansu kamar ba su taɓa yin gardama ba. Amarya ta zuro ƙafa ta sauke ta a kan tabarmar zaure. Ba ta taka ƙasa ba, ina so a rubuta wannan ma. Aka zaro Gwaggo. Ni kuma na lalubi hula, ashe ta tafi da ita a hannu tana goge wuya.

Haka na fito, kai a gaba. Rana ta La'asar ta sauka a wurin da ta daɗe tana nema. Wani daga baya ya ce, "A rage fitila!" Wayoyi kuwa kamar an shuka su.

Na daure, na gyara shadda, na nufi Bakoji na miƙa hannu. "Kawo, na iso."

Yaya Saude ta shiga tsakaninmu. Ba ta ɗaga murya ba. "Amarya ba ta taka ƙasa ba, Yaya," na ce. "Sharaɗi biyu na ba ka," ta ce, ta nuna min dangin amarya, waɗanda har lokacin wasu ke riƙe da bango don dariya. Sannan ta ciro ɗankwali daga jakarta ta miƙo min. "Rufe, kana kashe wa baƙi ido. Bakoji, ci gaba."

Ya kuwa ci gaba. Har yau bai tsaya ba. An yi suna biyu da walima ɗaya tun daga ranar, ina zaune a kujerar baya kusa da masu rabon ruwa, ina jin yadda yake gode wa jama'a a taƙaice, ba fasali, kafin ma su gaji.

Baba Noah ya tako har rumfar a ranar, yana jan salansa da wani dogon ƙarfe da ya tsinto a kan tudun. Ya ajiye a gabana ya ce, "Na ce ka dawo da ita yadda ka ɗauka ko fiye. Guda ɗaya na ba ka, ga shi ta zama uku. Ka cika alkawari, ɗana." Shanun nan dai su suka mayar da ita. Na ji an ce zumar ma sun koma, sun ce gidan ya fi da kyau.

To, maganar wanda ya gina tudun. Tunda Mainasara ya riga ya tona min asiri, bari in faɗa da bakina yadda take. Ni ne shugaban ayyuka na kwamitin layinmu. Kwamiti ya ce a yi ɗan tudu, kaurin bulo a kwance. Ranar aikin na tsaya a kan magini Bappa, farar shaddata da taɓonta na yi min yawo a ido, na ce ƙara. Ya ƙara. Na ce ƙara. Ya ce, "Injiniya, wannan ai ko tirela sai ta yi sallama." Na ce haka nake so, ɗan acaɓa in ya zo nan ya sauka ya gaida unguwa. Simintin ƙarshe ma daga gidana aka ɗauko, da hannuna na shafe shi. Manyan tayoyin Bakoji ni na ƙi su, bakin Karima ni na toshe shi. Shi ke nan, na faɗa, kowa ya huta.

Amma kafin ku tashi, ku bi ta bakin layinmu ku duba da idonku. Motar da Turawan Italiya suka taru suka ƙera ta hau aikina da dukkan ƙarfinta, ta bar salansa, ta bar ƙarfe, ta bar rabin fentinta. Tudun nan ko tsagewa bai yi ba. Sai ku gaya min, tsakanina da Italiya, wane ne injiniya.